Wuƙar aljihu mai naɗewa: yadda ake zaɓenta, a bar ta ta saki jiki, a kuma kula da ita

Sabuwar wuƙa mai naɗewa takan zo da tauri. Buɗewa da ƙyar, rufewa da ƙyar, wani lokaci har da ɗan ƙara kamar akwai yashi a ciki. A nan ne mutane da yawa suke lalata ta tun ba ta yi sati a hannunsu ba: wani ya kwance ta gaba ɗaya, wani ya tuttula mata mai, wani ya kai ta bakin injin giranda wai zai ƙara mata kaifi. Alhali yawancin wannan taurin da kansa yake tafiya idan aka yi mata abin da ya dace aka kuma yi haƙuri.

Kafin mu shiga aiki, ga sunayen da zan riƙa amfani da su. Ruwan wuƙa shi ne ƙarfen da ke yanka. Baki shi ne gefen da ke da kaifi, baya kuma ɗaya gefen mai kauri. Ƙota ita ce inda ake riƙewa, kuma cikinta ruwan yake kwanciya idan an rufe. Gaɓa ita ce inda ruwan da ƙotar suka haɗu, akwai ƙusa ko sukuru a wurin da ruwan yake juyawa a kai. Makulli kuwa shi ne abin da ke hana ruwan rufewa a kan yatsunka kana cikin aiki.

Kayan da za ka tanada

Tsumma mai laushi guda biyu, ɗaya na goge datti ɗaya na mai. Tsohon burushin haƙori. Tsinken sakace da ɗan auduga. Sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi. Mai marar kauri: man keken ɗinki ya isa, amma idan wuƙar za ta riƙa taɓa abin da za a ci, nemi farin man ma'adini irin wanda ake sayarwa a kantin magani, domin ba shi da wari kuma ba ya cutarwa. Dutsen washi mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Idan da lamba a jikinsa, 400 da 1000 sun ishi mai farawa. Guntun fata ko tsohon bel na fata. Alƙalamin maka baƙa da fensir. Sai sukundireba mai bakin tauraro, wadda ake kira Torx, lamba T6 da T8, wani lokaci T10, domin su ne yawancin wuƙaƙen zamani suke amfani da su. Kada ka sayi ta banza. Sukundireba mai laushin ƙarfe ita ce ke cinye kan sukuru, kuma sukurun da kansa ya cinye ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

Ka ajiye filasta kusa. Ba fata nake maka ba.

Mataki na 1: Ka san aikin da za ta yi maka

Yanke igiya, buɗe kwali, feƙe fensir, sassaƙa ƙaramin itace, ɓare ’ya’yan itace: wuƙa mai ruwa tsakanin santimita 7 zuwa 9 ta ishi duk wannan. Wadda ta fi haka girma nauyi kawai za ta yi maka a aljihu, har ka gaji ka daina ɗaukarta. Ka fifita ruwa siriri a kan mai kauri, domin siririn ya fi ratsa abu. Bakin kuma ya zama miƙaƙƙe sumul. Mai haƙora irin na zarto yana cin igiya da kyau, amma wasa shi sai da kayan aiki na daban, kuma mai koyo ba ya buƙatar wannan wahalar.

Ka kuma binciki dokar inda kake, domin ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, alal misali, wuƙar da aka yarda mutum ya yi yawo da ita ba tare da wani dalili na musamman ba ita ce mai naɗewa marar makulli, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba. A filin jirgin sama kuwa, sanya ta cikin akwatin da za a auna, kada ka bar ta a jakar hannu.

Mataki na 2: Zaɓen makulli da ƙarfe

Akwai wuƙaƙen da ba su da makulli sam, sifirin, wato ƙarfen da ke lanƙwasawa ya dawo, shi ne kawai a bayan ƙota yake riƙe ruwan. Yawancin ƙananan wuƙaƙen Victorinox, kamfanin da Karl Elsener ya kafa a Siwizalan a 1884, irin wannan ne. Suna da kyau ga ƙananan ayyuka, amma idan ka soka tsininsu da ƙarfi za su iya rufewa a kan yatsa. Akwai mai makullin baya, wanda ake danna wani wuri a bayan ƙota kafin ruwan ya rufu. Wuƙar Buck 110 da ta fito a 1964 ita ta yi suna da shi. Yana da ƙarfi, sai dai rufewa na son hannu biyu. Akwai mai makullin ciki, inda wani fallen ƙarfe a cikin ƙota yake tsallakowa ya tokare gindin ruwan. Shi ya fi yawa a kasuwa yanzu, ana buɗewa da rufewa da hannu ɗaya, amma lokacin rufewa babban yatsanka yana kan hanyar kaifi, sai an kula. Sai mai zobe irin na Opinel ta Faransa, wanda aka ƙara wa wuƙar a 1955: ka buɗe, ka murɗa zoben, shi ke nan.

Ni dai ga wanda zai fara, makullin baya ko zobe nake ba da shawara. Ba su da rikici, kuma wuya ne su ci amanarka.

Maganar ƙarfe kuwa, kashi biyu ne. Ƙarfen kabon yana saurin ɗaukar kaifi a kan dutse, amma yana tsatsa idan aka bar shi da danshi. Ƙarfen da ba ya saurin tsatsa yana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma za ka ga an rubuta Inox ko Stainless a jikin ruwan. Ka lura, ba ya saurin tsatsa aka ce, ba wai ba ya yi ba ne. Idan ka ga lambobi irin su 420HC, 12C27, 14C28N, AUS-8 ko 8Cr13MoV, waɗannan ƙarafa ne masu sauƙin washi, sun dace da mai koyo. D2 da S30V sun fi daɗewa da kaifi, amma ranar da suka dakushe dutse na yau da kullum zai sha wuya a kansu, sai dutse mai ƙurar daimon. Wuƙar da ba a rubuta sunan wanda ya ƙera ta ko irin ƙarfenta ba, ga ado rututu a jikin ƙota, ka bar ta a inda ka gan ta.

Mataki na 3: Gwajin da ake yi kafin a biya kuɗi

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, domin akwai aibin da kulawa ba ta gyara shi. Idan ta intanet ka saya, yi gwajin ranar da ta iso, tun kana da damar mayarwa.

Buɗe ta har makullin ya kama. Riƙe ƙotar da hannu ɗaya, ka kama bayan ruwan da yatsu biyu na ɗaya hannun, nesa da baki. Motsa shi hagu da dama. Idan akwai ɗan wasa kaɗan, kuma gaɓar sukuru ce, wannan mai gyaruwa ne. Yanzu motsa shi sama da ƙasa, wato ta fuskar buɗewa da rufewa. A nan bai kamata ka ji motsi ko kaɗan ba. Idan yana girgiza ta wannan fuskar, makullin ne bai zauna ba, kada ka saya, kowane irin daɗin baki aka yi maka.

Sai ka janye yatsunka gaba ɗaya daga ramin da ruwan yake faɗawa, ka danna bayan ruwan da tafin hannu da matsakaicin ƙarfi. Makulli nagari ba zai motsa ba. Wasu sukan buga bayan ruwan a kan tebur da ƙarfi wai gwaji. Wannan lalata makulli ne kawai.

Idan makullin ciki ne, leƙa ka ga inda fallen ƙarfen ya tokare gindin ruwan. Ana so ya shiga kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kaurin gindin. Idan da ƙyar ya taɓa gefe, zai iya zamewa. Idan kuma tun tana sabuwa ya riga ya ƙetare zuwa ɗaya bangon, ba shi da sauran wurin da zai ci gaba idan ya soma cinyewa.

Rufe ta, ka dube ta ta sama. Ruwan ya kwanta a tsakiyar ƙota, ko aƙalla kada ya gogi bango. Shafa yatsa a hankali wajen tsinin: dole ya ɓuya a cikin ƙota, domin tsinin da ya leƙo waje shi ke yaga aljihu da yatsa. Juya ta ƙasa ka girgiza kaɗan. Bai kamata ruwan ya faɗo da kansa ba. Daga ƙarshe ɗaga ta wajen haske ka dubi layin washin da ke gefe biyu na bakin. Faɗinsa ya yi daidai daga gindi zuwa tsini, hagu da dama.

Mataki na 4: Wankin farko

Sabuwar wuƙa takan zo da maiƙon masana'anta da burbushin ƙarfe a gaɓa, kuma sau da yawa shi ne ƙaran nan da kake ji. Goge ruwan da tsumma, daga baya zuwa baki, ba daga baki zuwa baya ba. Zuba ruwan ɗumi da ɗigon sabulu a kwano, tsoma gaɓar, ka riƙa buɗewa kana rufewa a cikin ruwan, kana cuɗawa da burushi. Ɗauraye, yarfe, goge, sannan ka bar ta a rabin buɗe a wuri mai iska har ta bushe sarai. Danshin da ya maƙale a gaɓa shi ne mafarin tsatsar da ba a gani.

Banda mai ƙotar katako. Katako yana shan ruwa ya kumbura, ya riƙe ruwan wuƙar gam. Irin wannan goge ta kawai ake yi da tsumma mai ɗan danshi. Idan ta riga ta kumbura ta ƙi buɗuwa, kwankwasa ƙarshen ƙotar a kan katako, ruwan zai ɗan leƙo ka samu wurin kamawa, sannan ka bar ta a busasshen wuri kwana biyu.

Kada ka kwance ta a wannan matakin. Wasu kamfanonin ma sukan janye garantinsu idan aka kwance.

Mataki na 5: Mai

Ɗigo ɗaya a kowane gefen gaɓa. Idan bakin kwalbar yana da faɗi, tsoma tsinken sakace a man ka ɗiga da shi. Buɗe ka rufe sau da yawa don man ya ratsa, sai ka goge duk wanda ya fito waje. Idan ka ga baƙin mai yana tsattsafowa, datti ne yake fita; goge, ka ƙara ɗigo.

Kurakurai uku ake yi a nan. Na farko yawan mai: yana jawo ƙura da zaren aljihu su dunƙule su zama laka. Na biyu man girki: bayan ’yan makonni yakan yi danƙo, ya soma wari, gaɓar ta fi da tauri. Na uku sa mai a inda makulli yake tokare gindin ruwa. Wannan wurin a bushe ake son sa, domin gogayyar ce ke riƙe shi. Man feshi na WD-40 kuma yana da amfani wajen korar danshi da sassauta datti, amma ba ya daɗewa a gaɓa, kuma ba a sa shi a wuƙar da za ta taɓa abinci.

Mataki na 6: Barin ta ta saki jiki

Tsakanin ruwan da bangon ƙota akwai ’yan ƙananan wosha, na tagulla ko na roba mai santsi, wasu wuƙaƙen kuma ƙananan boris ne. Tana sabuwa fuskokin nan ba su gama sabawa da juna ba. Abin da ke daidaita su shi ne motsi. Zauna a wuri mai haske, babu yaro kusa, ka buɗe da hannu biyu a hankali har makulli ya kama, ka saki makullin, ka rufe a hankali. Yi ta yi na ’yan mintuna, ka ajiye, gobe ka sake. Cikin sati ɗaya zuwa biyu na amfani za ka ji bambanci. Kada ka riƙa wurga ruwan da ƙarfin wuyan hannu don ya buɗe da sauri. Dukan da yake yi yana cin makulli da ƙusar da ke tare shi.

Mai sifirin kawai kuma, kada ka saki ruwan ya faɗa da kansa da ƙarar nan mai daɗin ji. A wasu wuƙaƙen bakin yana dukan sifirin na ciki, sai ka ga wani ɗan wuri ya dakushe ba ka san dalili ba. Raka shi da yatsu har ya kwanta.

Idan makullin ciki yana maƙalewa, har sai ka yi da gaske kafin ka ture shi, goge wurin da sifirit ya bushe, sannan ka goga bakin fensir a gindin ruwan inda suke haɗuwa. Baƙin fensir yana rage maƙalewar ba tare da ya sa santsi irin na mai ba.

Sai bayan duk wannan, idan har yanzu akwai tauri ko wasa, za ka taɓa sukurun gaɓa. Sukurun gaɓa kaɗai, ba na ƙota ba. Zaɓi bakin sukundireba da ya shige cif, danna ciki sosai kafin ka murɗa. Murɗawar kuma ƙanƙanuwa ce, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, sai ka gwada. Abin da kake nema shi ne wurin da wasan hagu da dama ya ɓace amma ruwan yana tafiya ba tare da ka yi kokawa da shi ba. Idan sukurun ya ƙi motsi, wataƙila an sa masa gam a masana'anta. Kada ka tilasta, ɗora masa bakin ƙarfe mai zafi na ɗan lokaci gam ɗin ya saki. Idan kuma kullum kwancewa yake da kansa, ɗan ɗigon gam ɗin sukuru mai launin shuɗi zai riƙe shi. Shuɗi, ba ja ba. Jan ba ya kwantuwa sai da wuta.

Wuƙar da gaɓarta ƙusa ce da aka dake ba ta da abin murɗawa. Wanki, mai da amfani su ne maganinta.

Mataki na 7: Washi

Kada ka wasa sabuwar wuƙa don kawai sabuwa ce. Gwada ta a kan takarda: riƙe gefen takardar, ka ja bakin a kai. Idan ta yanka sumul, bar ta. Fata kawai take buƙata lokaci-lokaci. Shimfiɗa bel ɗin a kan tebur, kwantar da ruwan, ɗan ɗaga bayan kaɗan, ka ja shi baya-baya, wato bayan wuƙar ne a gaba, bakin yana biye. Sau goma kowane gefe. Wanda ke yin wannan duk bayan aiki zai daɗe bai nemi dutse ba. In babu fata, bayan kwali mai kauri yana yi.

Ranar da takarda ta soma yagewa maimakon yankuwa, ko ka dubi bakin a ƙarƙashin haske ka ga yana ƙyalli a wasu wurare, lokacin dutse ya yi. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske.

Jiƙa dutsen da ruwa ko mai, gwargwadon irinsa, ka ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Shafa maka baƙa a kan layin washin duka gefe biyu. Kusurwar da ake so wajen digiri 20 ce a kowane gefe. Hanyar gane ta: tsayar da wuƙar a miƙe a kan dutse, wannan 90 ne; kwantar da ita rabi, 45; sake rabi, ka zo kusa da 22; ɗan ƙara sauke ta kaɗan. Tura ta gaba sau biyu ko uku kamar kana son feƙe saman dutsen, daga gindi zuwa tsini, sai ka duba makar. Idan ta goge a can bakin kawai, ka ɗaga da yawa. Idan ta goge a sama ta bar bakin da baƙi, ka kwantar da yawa. Idan ta goge duka, ka samu. Riƙe hannunka a haka. Wuyan hannu ba ya motsi, kafaɗa da gwiwar hannu ne ke tafiya. Wajen lanƙwasar tsini ka ɗan ɗaga ƙotar.

Ci gaba a gefe ɗaya har sai wani siririn zaren ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen. Za ka ji shi idan ka shafa babban yatsa daga bayan ruwan zuwa bakin, ka wuce. Yana ɗan kama fata. Kada ka taɓa shafawa a tsawon kaifin. Sai zaren ya fito tun daga gindi har tsini kafin ka juya. Yawancin masu cewa sun wasa wuƙa ta ƙi kaifi, juyawa suka yi tun zaren bai fito ba. Yi wa ɗaya gefen haka, sannan ka koma fuskar dutse mai laushi, kana sauya gefe duk ja ɗaya, kana rage nauyin hannu har ya zama nauyin wuƙar ne kawai. Ƙarasa da fata don zaren ya fita.

In babu dutse, manna sanfefa mai laushi a kan gilashi ko tayil mai santsi. Gindin kofin tangaran, zoben nan da ba a shafa wa ƙyalli ba, shi ma yana farfaɗo da baki idan an matsu. Injin giranda dai a'a. Yana cin ƙarfe da yawa, kuma zafinsa yana kashe taurin bakin; da zarar ka ga ya yi shuɗi-shuɗi, wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi.

Mataki na 8: Kulawar yau da kullum

Goge ta bayan kowane aiki kafin ka rufe, musamman idan ta taɓa abu mai tsami, gishiri ko gumi. Danƙon salatif sifirit ke cire shi. Duk sati biyu ko uku ka sa tsinke ka kwashe zaren aljihu daga cikin ƙota, musamman ramin da makullin baya yake faɗawa, domin ɗan dunƙulen zare a wurin ya isa ya hana shi kamawa. Kada ka haɗa ta aljihu ɗaya da makullai da tsabar kuɗi.

Yanka a kan katako ko roba, ba kan gilashi, dutse ko faranti ba. Kada ka yi ɓanɓare da tsininta, kada ka murɗa sukuru da ita, kada ka doke ta da guduma don tsaga itace. Gaɓa ba ta ɗaukar wannan. Idan wani ya ce ara mini wuƙarka, tambaye shi abin da zai yi da ita tukuna. Sau da yawa sukundireba yake nema.

Ƙarfen kabon zai sauya launi ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi da amfani. Wannan ba tsatsa ba ce, yana ma ɗan kare ƙarfen, bar shi. Jar tsatsa mai kaushi ita ake cirewa: ɗiga mai, bar shi ya jiƙa, ka goge da sanfefa mafi laushi ko kwaɓin bakin soda, sannan ka shafe ruwan da mai kaɗan.

Idan za ka ajiye ta na watanni, wanke, busar, shafa mai sama-sama, ka sa ta a busasshen wuri a rufe. Kada ka bar ta cikin kuben fata, domin fata tana riƙe danshi, kuma sinadarin jima yana iya sa ƙarfe da tagulla su yi tabo. Ka riƙa fito da ita duk bayan wata biyu ko uku kana dubawa, musamman gaɓar da gindin ruwan.